Tafin Hannun Inna Tabawa

A bakin shagon Sahabi aka yi cinikin, can ƙarshen kasuwar Yelwa inda ake bandar kifi, hayaƙi na shiga idon mai saye da mai sayarwa. Ba cinikin kuɗi ba ne, musaya ce, ba ni gishiri in ba ka manda. Mainasara mai hoto ya ajiye tsohuwar kyamararsa a kan benci, wata baƙar aba kamar ƙaramin akwati, mai ido biyu sama da ƙasa, wadda ake leƙawa ta ka, ya jingina mata sandunanta masu ƙafa uku. Sahabi kuma ya zaro wata 'yar siririyar kyamara daga aljihun riga, ba ta fi sandar sabulu ba, ya ɗora mata kwali guda cike da fim mai kala.

Shi Sahabi mutum ne mai bin motocin kifi zuwa kudu, ya dawo da rediyo da agogo da tocila, kuma kowa a Yelwa ya san bakinsa ya fi kayansa kyau. Ya ce wannan ita ake yayi a Ikko, tana da walƙiyarta a jiki, dare da rana duk ɗaya ne a wurinta.

“Shekara da shekaru kana goyon wanga akwati kamar mai tallan magani,” in ji shi. “Yau dai Allah ya yaye ka.”

Mainasara ya ɗaga kwalin fim ɗin. Da ɗumi ya ji shi, gefensa ya koɗe, kuma warin banda ya kama shi har ciki, abin da ke nuna ya daɗe yana kwana ƙarƙashin kwano kusa da murhu. Ya shinshina, ya dubi Sahabi. Sahabi ya rantse cewa a tafiyar da ta wuce ya zo da shi. Mainasara bai yarda ba, amma ya miƙa hannu. Suka tafa, aka ce Allah ya sa albarka, kowa ya ɗauki nasa.

Ba wai bai san abin da ya bayar ba ne. Banufen da ya koya masa sana'ar, tun zamanin da ake aikin madatsar Kainji, ya sha gaya masa cewa haske kamar ruwan sama yake, kyamara kuwa mazubi ce. In ana sheƙa ruwa, da daro da murfin kwalba duk cika suke yi, sai ranar yayyafi ake gane bambanci. Fim ɗin tsohuwar faɗinsa ya kai kwalin ashana, kuma ana iya buɗe idonta a bar shi a buɗe, tana tsaye a kan ƙafafunta, har ta sha ɗan hasken da ke ɗaki ta ƙoshi. Na 'yar ƙaramar bai fi farcen babban yatsa ba, ƙiftawarta ɗaya ce, ba ta san jira ba. Fim kuma yana tsufa kamar idon mutum, zafi ke cin sa. Tsohon fim zai ga rana tsaka lafiya lau, amma da ɗan duhu ya shigo ya makance.

Duk ya san wannan. Sai dai shekarar ce da ta biyo bayan yanke Kebbi daga Sakkwato, kowa na jin kansa sabo, kowa na son sabon abu. Samari sun fara zuwa daga Kontagora da ƙananan kyamarori suna kwashe masa bukukuwa. Abin da ya fi ci masa rai, a wani suna da aka yi a unguwarsu, uwar mai jego ta dube shi yana kafa sanduna, ta ce wa matan da ke wurin su ba shi hanya ya wuce, su ba su son hoton baƙi da fari, sai ka ce na mamata. Matan suka yi dariya har da tafi. Wannan dariyar ce ta kai shi shagon Sahabi, ba rashin sani ba.

Da farko kuwa kamar ya ci riba. Lokacin rani ne, rana fal, duk inda ya nuna 'yar kyamarar hoto ya fito. Kalar takan yi ja-ja saboda tsufan fim, amma mata suka ce hakan ma ya fi, yana ƙara musu hasken fata. Fim mai kala ba ya wankuwa a ɗan lungun da Mainasara ya keɓe a shagonsa, sai an ba direba ya kai Kontagora, a jira ya dawo. Bai damu ba. Ya zubar da ruwan wankinsa, ya mai da lungun wurin ajiye keke. Yana tafe kyamara na lilo a wuya, hannu biyu sake, yana gai da mutane kamar ma'aikacin gwamnati.

Gab da faɗuwar damina Maliki ya zo masa da saƙo. Maliki direban motar kifi ne mai kaiwa har Baga, bakin tafkin Chadi, inda ƙanwar Mainasara, Saratu, ta bi mijinta masunci tun shekaru. Saratu ta ce ta ji labarin ƙafafun Inna sun daina ɗaukarta. Ita ga goyo ga wani cikin, ga nisa, ba ta da halin zuwa. Abu ɗaya take roƙo, tunda yayanta mai hoto ne, ya ɗauko mata fuskar Inna, ko 'ya'yanta sa ga kakarsu sau ɗaya. Maliki ya ce in ya gama lodi a Yauri zai biyo ya karɓa.

Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ce: mutumin da ya ɗauki rabin fuskokin Yelwa ba shi da hoton uwarsa ko ɗaya. Kuma akwai dalili. Inna Tabawa 'yar gungu ce, cikin mutanen da tafkin Kainji ya cinye tsibirinsu aka kwashe su zuwa gidajen da gwamnati ta gina musu a tudu, gaba da Warra. A daminar farko bayan ruwa ya cika, mijinta ya fita su, hadari ya same shi a tsakiyar sabon tafkin da bai gama sanin halinsa ba. Tana tsaye a gaɓa, Saratu a bayanta, aka yi walƙiya ɗaya wadda ta haska ruwa fari fat, ta gan shi tsaye a jirgi, sannan tsawa ta sauka. Washegari aka samo jirgin a tsage. Tun daga ranar, in hadari ya haɗu takan shige ɗaki ta rufe kai da zane. Da ta taɓa ganin wani mai hoto ya haska wuta a wurin biki, a ranar ta bar bikin, kuma ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba, har ta ɗanta.

Mainasara ya sa sabon fim daga kwalin Sahabi, ya hau motar Warra. Da ya sauka a tasha yana neman ɗan kabu-kabu, sai idonsa ya faɗa kan wani abu da ya sani kamar ɗan cikinsa. Akwatinsa ne, tsaye a kan ƙafafunsa uku a ƙofar wani ɗan shago, an goge shi yana sheƙi. Mai shagon, Andrew, wani matashin mai hoto ne da Mainasara ya sha yi wa ba'a a baya, yana ce masa ɗan koyo. Andrew ya taso da fara'a ya gai da shi, ya ce a hannun Sahabi ya same ta, kuma tun da ya same ta ya huta. Cocinsu duhu gare shi, tagogin ƙanana ne, amma yanzu yana ɗaukar baftisma da ɗaurin aure a ciki ba tare da ya haska wa kowa ido ba. Ya ciro wasu ya nuna masa. Tsofaffi ne zaune a kan benci, kowace tamoji a fuskarsu ta fito, har zaren rigunansu ana gani.

Maganar ta zo wa Mainasara har bakin harshe. Aron yini ɗaya ne kawai. Amma akwai mutane zaune a shagon suna jiran hoto, duk sun zuba masa ido, wasu sun san shi. A ce mai hoton Yelwa ya zo Warra aron abin da ya yar? Ya mayar da hotunan, ya ce ba laifi, kayan da ne, su dai sun wuce wurin. Ya shafa 'yar kyamarar da ke wuyansa don kowa ya gani. A ransa ya ce ai abin mai sauƙi ne, a ɗauko Inna a zaunar da ita a tsakar gida, rana ta yi sauran aikin.

Gidajen nan na gwamnati duk wanda ya shige su ya san su. Ginin siminti ne, jere-jere, ƙofa na kallon bangon maƙwabci, taga kuwa wani ɗan rami ne can sama wanda kan kyanwa ma da ƙyar zai shiga. Wanda ya zana su bai taɓa zama a ciki ba. Ga shi ranar sama ta yi lumshi, gajimare ya rufe tun hantsi. Da Mainasara ya yi sallama ya shiga, sai da ya tsaya idonsa ya saba kafin ya ga gadon.

“Mai Akwati, kai ne?” in ji Inna. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, da wannan take kiransa.

“Ni ne, Inna.”

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi saƙon Saratu yana jiran a ƙi. Inna ba ta ƙi ba. Sai ta kira Mairo, ɗiyar ƙanenta da ke jinyarta, ta ce ta buɗe adaka ta ciro zanen saƙi, wanda ta baro gungu da shi. Aka ɗaura mata, aka sa mata murjani, Mairo ta zizara mata kwalli. Inna ta ce ba don shi ba, don 'ya'yan yarinyar can su san ba daga cikin ruwa uwarsu ta tsiro ba.

Da ya kawo maganar a fitar da ita waje, shi ya kama sama Mairo ta kama ƙasa, sai Inna ta dube shi da idon da ya sani tun yana yaro.

“Sau ɗaya za a hidda ni ɗakin ga a ɗauke, kuma ba kai za ka sa rana ba. Ni ba buhun kifi ba ce maƙwabta su yi kallo.”

Ya yi lallashi, ya ce zai sa a kare da tabarma, ya ce minti kaɗan ne. Ko gezau. Sai ta tambaye shi ina akwatin, don ba ta ji ƙarar sanduna ba da ya shigo. Ya ce ya tsufa, ya canza shi.

“Ashe abin da ya tsufa canza shi ake yi,” in ji ta. Ta gyara zama. “To ka ɗauka da abin da ka zo da shi. Amma ban da wutar nan. Ka yi mini alkawari.”

Ya yi mata alkawari.

Ya yaye asabarin ƙofa, ya buɗe ta har bango. Ya sa Mairo ta kunna fitilar ƙwai ta ajiye kusa da gado, ta kuma tsaya bakin ƙofa da farin faranti tana juyo ɗan hasken waje zuwa fuskar Inna. Da tsohon akwatinsa ne, wannan ya isa har ya yi yawa. Da sai ya kafa shi, ya ce Inna kar ki motsa, ya buɗe ido ya ja numfashi, ya rufe. Ya koma Yelwa ya wanke da hannunsa a yinin, in bai yi ba ya dawo gobe. Amma abin da ke hannunsa murfin kwalba ne, kuma yayyafin ma bai kai yayyafi ba. Ya kashe walƙiyar, ya danna. Ya matso, ya danna. Ya koma gefe, ya danna. Kowace dannawa ya san ruwa yake zubawa a kwando.

Inna na zaune ƙyam, haɓa a ɗage, hannaye a kan gwiwa. Bai taɓa ganinta da kyau haka ba. Har wani ɗan murmushi ta yi, ta ce ya gaya wa Saratu ba ta rame ba, zanen ne ya yi mata yawa.

Warra ba nisa. Ɗan kabu-kabun ma yana ƙarƙashin bishiya yana jiransa. Zai iya cewa Inna ta huta, ya je ya dawo kafin la'asar, da akwati da Andrew gaba ɗaya. Ya hango kansa tsaye a ƙofar shagon nan, mutanen nan na kallonsa, yana janye maganar da ya yi da safe. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum in yana neman hanyar da ba ta bi ta ƙofar kunya ba. Walƙiya ɗaya ce, kamar allura. Za ta yi fushi, ta huce, uwa ce. In ta ga hoton ma ita da kanta za ta yi dariya.

Ya tura maɓallin walƙiyar da babban yatsa. Ita wutar, kafin ta tashi, takan yi wani siririn kuka kamar na sauro. Shi ya saba har ba ya ji. Kunnen Inna kuwa bai tsufa ba.

“Mi ke kuka haka?” in ji ta, hannunta na tasowa.

Ya danna.

Ɗakin ya yi fari fat. Farantin ya kuɓuce daga hannun Mairo. Inna ta ƙwala kira, kuma abin da ta kira shi ne Yusha'u, sunan mijinta, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ta gidansa, ko yana raye ko bayan ransa. Mainasara da girmansa bai taɓa jin sunan ubansa a bakinta ba sai ranar.

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja zanen saƙin ta rufe kai. Ya durƙusa a gaban gadon yana ba da haƙuri, ya ce hannunsa ne ya goce, ya ce don Saratu ya yi, maganganu biyu da ba su zama a tabarma ɗaya. Da ta yi magana, ba ta juyo ba, kuma ba ta ce Mai Akwati ba.

“Tahi. Hadari ya taso.”

Ya tafi, yana gaya wa kansa cewa hoton zai gyara komai. Da ya isa Yelwa ya ba direban Kontagora fim, ya roƙe shi ya hanzarta. Ruwa ya sauka a makon, hanya ta lalace, direba ya maƙale. Kafin ya dawo, wani ya zo daga Warra da sassafe ya tsaya a ƙofar shago ya cire hula, ya ce sai haƙuri.

An fitar da Inna a ɗauke, sau ɗaya, yadda ta faɗa. A zaman makoki Mainasara ya ja Mairo gefe ya tambaye ta ko Inna ta ce wani abu a kansa. Mairo ta ce ba ta sake ta da maganar ba. Ya ce to ko ta ambace shi. Mairo ta sunkuyar da kai, ta ce abin da ta sa a yi kawai shi ne a toshe ramin tagar nan da tsumma.

Andrew ma ya zo gaisuwa, don labari ya riga ya zaga. Ya zauna kusa da shi a tabarma, ya yi ta'aziyya, sannan a hankali ya ce, “Yaya, da ka yi magana ranar, ai ni zan saɓo ta in biyo ka.” Ba da gatse ya faɗa ba. Da gatse ne da ya fi sauƙin haɗiyewa.

Hotunan suka iso bayan an watse. Mainasara ya rufe shago ya baje su a kan tebur. Waɗanda ya ɗauka ba wuta duk iri ɗaya ne, duhu mai ruwan ƙasa, tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, sai wani ɗan ɗigon ja inda fitila take, da wata inuwa da in ka matsa wa idonka za ka ce mutum ne. Babu zane, babu murjani, babu murmushi. Guda ɗaya ne ya fito sarai, na ƙarshe. Tafin hannu ne ya cika hoton, fari tas saboda wuta, yatsu a ware, ga tabon da igiyar taru ta bar mata tun tana budurwa. Ta tsakanin yatsu biyu ana hango gefen baki a buɗe.

Ya kwashe su ya nufi wurin banda. Sahabi na zaune yana gwada wa wani rediyo. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya mayar masa.

“Kai ne mai hoto, ni ɗan kasuwa ne. A gabana ka shinshina kwalin ga, ka miƙo hannu. Na ce maka tana da walƙiyarta. Ta yi ko ba ta yi ba?”

Ta kuwa yi. Mainasara ya tattara hotunansa ya koma shago.

Da Maliki ya gama lodi ya biyo shago, ya riga ya ji rasuwar, kuma shi zai kai wa Saratu labarin. Ya ce ko ba komai hoton zai rage mata zafi. Mainasara ya daɗe tsaye da hotuna biyu a hannu. Wanda ya fito, in Saratu ta gani za ta gane tabon, za ta gane bakin, za ta kuma san abin da yayanta ya yi, don a bayan Inna take ranar da aka yi walƙiya ta farko. Ya tura shi ƙarƙashin tebur. Ya miƙa wa Maliki ɗaya daga cikin masu duhun.

Maliki ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske.

“Malam Mainasara, in ce mata mi?”

“Ka ce mata tana ciki.”

Haka cinikin bakin banda ya ƙare. Sahabi ya rabu da kwalin da ya kusa zubarwa, ya kuma sayar da akwati da daraja, ya ci riba gaba da baya. Andrew ya samu abin da ya riƙe shi shekaru, har daga Shanga ana kiransa ɗaukar tsofaffin da ba sa fita waje. Saratu ta samu duhu a takarda, aka ce ta sa shi a gilashi ta rataye, tana nuna wa 'ya'yanta inuwar tana cewa ga kakarku. Mainasara ya tsira da girmansa a gaban mutanen shagon Warra, waɗanda ko sunansa ba su riƙe ba, ya rasa fuskar uwarsa da kalmarta ta ƙarshe. Abin da ya rage masa hannu ne, a ɗage, yana tare shi.